Na auna hanyar Kashmir da ma'aunin Kano zuwa Kaduna

Har yau in na buɗe taswira a waya na ga ɗan layin nan da ya haɗa Srinagar, babban birnin Kwarin Kashmir, da birnin Jammu, sai na ji raina ya sosu. Kilomita 250 ne ko sama da haka kaɗan. Ni da na saba shiga mota a Unguwa Uku bayan asuba in yi walaha a Kawo, da na ga lambar nan sai na ce ai Kano zuwa Kaduna ce da ɗan ƙari. Da wannan lissafin na jefa kaina da yayana cikin wahalar da har yanzu ba mu gama biyan bashinta ba.

Jinya ce ta kai mu Delhi. An yi wa Yaya aiki a gwiwa, likita ya ce sai ya yi kwana goma yana motsa ƙafar kafin ya duba shi duban ƙarshe ya sallame mu. Zaman ya ishe ni, ga wani abokina mai shagon turare ya dame ni da saƙo, wai in har na samu za'afaran na Kashmir in sayo masa, ko nawa ne zai biya. Farkon Nuwamba ne, daidai lokacin girbinsa. Na bar Yaya da wani ɗalibi ɗan garinmu, na hau jirgi, cikin awa ɗaya da rabi na sauka Srinagar. Tafiyar zuwa ba ta da labari. Tafkin Dal da gidajen kwale-kwalen da muka taso muna gani a finafinan Indiya duk suna nan yadda ake nuna su, sai dai sojojin da ke tsaye a kowace kwana, su ba a nuna mana ba.

Sayayyar ma ta yi kyau. A Pampore, kusa da birnin, na tsuguna a gona na ga yadda ake tsinke furen nan mai launin shunayya, a zauna a gida a zare jajayen silli uku daga cikin kowane ɗaya. Sai an bi fure wajen 150 kafin a tara giram guda. Mai gonar ya jefa silli biyu cikin kofin ruwa ya ce in zura ido: na gaskiya a hankali yake rina ruwan ya koma rawaya, shi kuma sillin yana nan ja abinsa, na jabu kuwa nan take yake zubar da jan rini. Na sayi wanda suke kira mongra, zallar jan kan ba gindi. Na ƙara da mayafan pashmina biyu, waɗanda ake saƙa su a Srinagar amma gashin na awakin makiyayan Changpa ne, can tudun Changthang a Ladakh, sama da mita 4,000. Sai kuma kwaɗayi ya ja ni na haɗo kwalin tuffa da ɗan buhun wata gyaɗar bishiya mai taurin ɓawo da suke kira akhrot.

Kayan nan su suka fara ja mini. Da na lissafa kuɗin nauyin kaya a jirgi sai na ji ba zan iya ba. Na tsara abina: Litinin da asuba in hau mota zuwa Jammu, da dare in kama jirgin ƙasa, Talata da safe ina Delhi mu ga likita, Laraba da dare mu tashi zuwa gida. Mai masaukina ya tambaye ni sau biyu ko ina da wani abu mai muhimmanci a Delhi cikin makon. Na ce e. Ya ce to in hau jirgin sama. Na yi dariya a zuciyata, na ɗauka yana da wani ɗan'uwa mai sayar da tikiti.

Abin da taswirar waya ba ta nuna mini ba shi ne Kwarin Kashmir kamar akushi yake. Tsawonsa kilomita 135, faɗinsa kamar 32, shi kansa yana sama da teku da mita 1,600, kuma tsaunuka sun kewaye shi. Ta kudu tsaunukan Pir Panjal ne suka raba shi da sauran Indiya, duk wanda zai fita ta mota kuwa sai ya ratsa su. Akwai wata hanyar da ake kira hanyar Mughal ta wajen Shopian, amma dusar ƙanƙara na rufe ta da sanyi ya shigo. Saura guda ɗaya ke nan, wadda na hau.

Awa biyun farko shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, gonakin shinkafa da aka girbe dama da hagu, ga katakon sandar wasan kurket an jera shi yana shan iska a kan rufin shaguna wajen Bijbehara. A Qazigund na ga manyan motoci a gefen titi, layi guda har inda ido ya ƙare, duk an lulluɓe su da tamfol. Na tambayi direbanmu ko yajin aiki ake yi. Ya ce tuffa ce, jira suke ranarsu ta zo, domin sau da yawa manyan motoci ba sa bin hanyar ta fuska biyu a rana ɗaya: yau masu sauka, gobe masu hawa. Mai hankali da ya ji wannan zai ce a sauke shi. Ni kuwa hoto na tsaya ɗauka.

Muka shiga sabuwar hanyar da aka huda a cikin dutse, mai tsawon kilomita takwas da rabi, wadda aka buɗe a 2021, muka ɓulla Banihal. A can ɓangaren ruwan sama ake yi, ba mai ƙarfi ba, yayyafin da a Kano ko lema ba za ka buɗe masa ba. Ba mu yi nisa da garin ba motoci suka tsaya cak. Direba ya kashe inji, ya gyara kujera, ya ja hula ya rufe fuska. Wai dutse na zubowa a Panthyal. Na taka da ƙafa na je inda 'yan sanda suka tare hanya, na hango abin da idona. Titin manne yake a jikin tsauni, ƙasa kwazazzabo ne da ba ka ganin gindinsa, daga sama kuma duwatsu ke gangarowa ɗaya-ɗaya, wani kamar tulu, wani kamar buhun gero, su daki kwalta su yi tsalle su faɗa ramin. In sun lafa mai katafila ya matso ya fara share hanya, kafin ya yi nisa wasu sun sake saukowa, ya ja da baya.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo: na yarda da kalmar "an jima kaɗan". Duk wanda na tambaya haka yake cewa, ni kuma da tunanin go-sulo na gida, tirela ta faɗi a janye ta a wuce, sai na zauna jira. Layin wayata, irin wanda ake sa wa kati, tun saukata Srinagar ya daina aiki, domin irinsa in daga wajen yankin aka sayo shi ba ya kamawa a Jammu da Kashmir. A masauki intanet ɗin gidan ya rufa mini asiri, shi ya sa ban ɗauki abin da zafi ba. A bakin dutsen nan kuwa ba ni da hanyar jin kowa. Da na laluba jakata neman lambar ɗalibin nan don in ari waya, sai hannuna ya taɓo fasfo biyu, nawa da na Yaya.

Da magariba muka juyo Banihal, mutanen garin suka buɗe mana masallaci muka kwana. Wani dattijo ya miƙo mini kangri, ɗan kaskon wuta da aka saƙa wa kwando, su suna cusa shi a ƙarƙashin babbar rigarsu da ake kira feran. Ni da ba ni da rigar sai na rungume shi kamar jariri, har na ƙona hannun suwaita. Shi ne ya zaunar da ni ya zana mini ƙasar da yatsa a kan darduma. Ya ce in dubi Kogin Jhelum: daga Verinag yake tasowa, nan bayan dutsen da muka huda, ya ratsa Srinagar, ya shiga Tafkin Wular, ya fita ta Baramulla da Uri zuwa Muzaffarabad. Inda ruwa ya bi, nan hanya take. Kafin 1947 ta nan kayan kwarin ke fita zuwa Rawalpindi, rani da damina. Da aka raba Indiya da Pakistan, sarkin Kashmir Hari Singh ya sa hannu ya bi Indiya a Oktoban shekarar, yaƙi ya ɓarke, aka tsagaita wuta a farkon 1949, layin da sojoji suka tsaya kuma ya yanke wannan hanya gida biyu. Ya ce, "Ɗana, ƙofar gidanmu aka toshe, shi ya sa ka gan mu muna fita ta katanga."

Ni da na zo da tunanin Kashmir wuri ɗaya ne da ƙasa biyu ke faɗa a kansa, sai ga shi ƙasa uku ne. Indiya na riƙe da kwarin da Jammu da Ladakh, Pakistan na da ɓangaren Muzaffarabad da Gilgit-Baltistan inda tsaunin K2 yake, China kuma na riƙe da Aksai Chin. An taɓa ɗan buɗe tsohuwar ƙofar, motar fasinja ta fara zirga-zirga tsakanin Srinagar da Muzaffarabad a 2005, aka fara musayar kaya a 2008, sannan aka sake rufewa a 2019, shekarar da Indiya ta soke matsayin musamman na jihar ta raba ta biyu. Kan wa ke da gaskiya, na ji bakin mutum uku a masallacin nan na ji magana uku, kuma kowannensu sai ya waiga kafin ya yi magana. Baƙo ne ni, na ja bakina.

Washegari Talata na wuni tare da wani direban babbar mota da shi ma hanyar ta ritsa da shi. Daga kasuwar 'ya'yan itace ta Sopore ya ɗauko kaya zai kai kasuwar Azadpur a Delhi, kwanansa huɗu a hanya. Ya ɗaga tamfol ya zaro kwali ɗaya ya buɗe mini, na sama lafiya, na ƙasa sun fara laushi, ƙamshin ya fara komawa tsami. Kusan kashi uku cikin huɗu na tuffar da Indiya ke nomawa daga kwarin nan take fitowa, kuma a lokacin kusan dukkanta ta gaban duwatsun Panthyal take bi. Ranar da hanya ta buɗe motocin duk su isa kasuwa lokaci guda, farashi ya faɗi, manomi ya sha asara biyu. Duk wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatirin Kadawa sun narke a hanyar Legas ya san fuskar da mutumin nan ya yi. Na ji kunyar kukan da nake yi kan tikiti, amma ban fasa ba.

Da wayarsa na samu Yaya. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya ce, "Kana lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau, Yaya, don Allah ka yi haƙuri." Ya ce, "Fasfo ɗina yana wurinka?" Na ce e. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya kawo ka lafiya," ya kashe.

Sai da yammacin Talatar nan wani yaro mai shayi ya tambaye ni me ya hana ni komawa Srinagar a jirgin ƙasa tun jiya. Ashe akwai tasha a Banihal ɗin da nake kwana, tun 2013 jirgi ke bi ta ƙarƙashin Pir Panjal zuwa cikin kwari. Da na hau shi Litinin da rana, Talata da safe ina sama zuwa Delhi. Ba wanda ya ɓoye mini, ni ne ban tambaya ba, tambayata ɗaya ce tun jiya: yaushe za a buɗe? Lokacin da na sani, na ranar ya wuce, kuma da aka duba mini a waya kujerun jirgin sama na Laraba sun ƙare, don duk wanda hanya ta tare can ya nufa.

Laraba bayan azahar aka saki ƙananan motoci. Mun wuce Panthyal direba na leƙen sama maimakon gaba, ni ina karanta duk abin da ya zo bakina. Bayan Ramban muka tsaya a Peerah cin abinci, sai ga shinkafa da wake an malala musu man shanu, garau-garau sak, yaji kawai ya bambanta. Daga inda nake zaune ina hango madatsar Baglihar a kan Kogin Chenab. Ruwan nan Pakistan ya nufa, yana cikin koguna uku, da Indus da Jhelum, da yarjejeniyar 1960 ta ware mata, kuma da su ake ban-ruwan yawancin gonakinta. Na daɗe ina jin ana cewa rikicin na addini ne kawai, a wurin nan na ga har da ruwa a cikinsa. Mun shiga Jammu tsakar dare, daidai lokacin da jirginmu na gida ke barin Delhi.

Canjin tikiti biyu, ƙarin kwana biyar a masauki, da sabon layin ganin likita sun cinye ribar za'afaran da uwar kuɗin, har na ciwo bashi a gida. Abin da na yi tattali a kuɗin kaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na biya ba. Garin neman ƙiba na samo rama.

Yanzu al'amura sun ɗan sauya. A Yunin 2025 an buɗe layin dogon da ya haɗa kwarin da sauran Indiya, ta kan gadar Chenab mai tsayin mita 359 daga saman ruwa, an kuma ƙara huda duwatsu a wuraren da suka fi hatsari a titin. Duk da haka in ɗan'uwa ya ce mini zai je, ba na barinsa sai ya yi mini alkawarin zai bar kwana uku tsakanin fitowarsa daga kwarin da duk wani jirgin da ba ya son rasawa, kuma zai duba sanarwar 'yan sandan hanya ta ranar kafin ya biya kuɗin mota. In mai masauki ya tambaye shi abu sau biyu, ya tsaya ya ji dalili. Fasfon wani kuma kada ya kwana a jakarsa.

Tuffar ta iso Delhi rabinta ta lalace, muka raba sauran wa ma'aikatan masauki. Za'afaran ɗin abokina ya karɓa ya yaba, har yana tambaya yaushe zan koma. Yaya kuwa ya warke sarai, yana taka ƙafarsa har masallaci, amma ko Zariya za mu je tare sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi katinsa na ɗan ƙasa ya riƙe da kansa.