Tafin da ya ruɗe ni: ga ƙannena masu busa saksofon a Legas

Shekara huɗu na yi ina busa saksofon kafin in ji yadda busata take a kunnen mutane. Wayar ƙanwata ce ta jiyar da ni, kuma a daren ko tuwo ban iya ci ba.

A Agege na tashi. Kamar kowane yaron Legas, saksofon ɗin da na fara sani shi ne na Fela da na makaɗan biki, mai tsaga iska, mai sa mutum ya miƙe ko bai yi niyya ba. Wannan ba abin rainawa ba ne, gidansa ne daban. Sai da na shiga hannun wani dattijo, tsohon mabushin soja da ya daɗe a Kaduna har Hausa ta zauna a bakinsa, na san akwai wani gidan: kiɗan Turawa na rubuce, wanda ake kira kilasika. Baba nake ce masa. A wurinsa na fara jin sunan Adolphe Sax, ɗan Beljiyam da ya ƙera abin busar ya yi masa rajista a Paris a 1846, da na Marcel Mule, wanda aka ba ajin saksofon a babbar makarantar kiɗa ta Paris a 1942, bayan ajin ya shafe shekara saba'in da 'yan kai a rufe. Na haddace sunayen tsaf. Abin da suka koyar ne ban ɗauka ba.

Ranar da nake ba ku labari, an ba ni dama in busa kiɗan Glazunov a wani zaure da ke tsibirin Legas, ni da mai fiyano. Glazunov ɗan Rasha ne, ya rubuta kiɗan a 1934, shekara biyu kafin rasuwarsa, saboda wani mabushin saksofon mai suna Sigurd Raschèr. Kiɗan bai wuce kwata na awa ba, kuma duk mai koyon saksofon na alto, wato mai matsakaicin girma, sai ya bi ta kansa.

Tun daga gida na fara ɓarna. Ɗan siririn karan nan da ake ɗaurawa a bakin saksofon, wanda karkarwarsa ce ke ba da sauti, yana da lambobin tauri. Ni da na saba da lamba 3, sai na fasa sabon kwali na ɗauko lamba 4, wai don na ji an ce manya da mai tauri suke busa. Ban jiƙa shi na gwada ko sau ɗaya ba. Kara kuwa tsiro ne, a kwali guda ma ba a samun biyu masu hali ɗaya, ga laimar Legas da ke canza shi tsakanin safe da yamma. Ku riƙa ajiye huɗu ko biyar da kuka riga kuka horar, kuna juya su, kuna shanya su kafin ku mayar cikin akwati, in ba haka ba fumfuna ta riga ku.

Cunkoson hanya ya cinye lokacin da zan ɗuma kayana. Na fito daga zafin danfo, motar hayar Legas, na faɗa zaure mai sanyin na'ura. Abin busa in ya yi sanyi sautinsa sauka yake yi, in ya ɗumama ya hau, fiyano kuwa tana nan inda aka ajiye ta. Maganin bai fi a ƙara tura bakin saksofon ɗin ciki kaɗan ba, a riƙa saurare ana gyarawa da leɓe. Ban yi ba, domin ba na sauraron mai fiyano. Kaina nake saurare.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar tana cikin yadda na fahimci kiɗan.

A zatona, iya busa shi ne gudun yatsu da ƙarfin huhu. Farkon kiɗan Glazunov a natse yake, kamar dattijo na tuna gida. Ni kuwa na shige shi da gaggawa, hankalina na can gaba, wurin da ake barin saksofon shi kaɗai ya nuna bajinta, da sashen ƙarshe mai gudu. Kowane sauti na ɗora masa karkarwa, dogo da gajere, mai muhimmanci da na wucewa. Wannan karkarwar da haɓa ake yin ta, kuma Mule ne ya yi fice wajen shigo da ita kilasika, amma shi aunata yake yi, ya san inda zai faɗaɗa ta da inda zai rage. Ni na zuba ta kamar mai miyar da gishiri ya kufce wa.

Sai numfashi. Inda iska ta ƙare mini, nan nake tsayawa in ja wata, ko da a tsakiyar jimla ne. Kakata in tana mana tatsuniya, takan rage murya daidai lokacin da kura ta iso bakin ƙofa, ta yi shiru na ɗan lokaci, mu duka mu ƙame. Ba ta taɓa yin shirun nan a tsakiyar kalma ba. Kiɗa ma jimloli ne, yana da inda magana ta nufa da inda ta sauka. Kawuna mai busa algaita a Zariya ba ya yanke sauti ko kaɗan, yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, kuma na daɗe ina ganin da na iya wannan da na huta. Ashe ko na iya, ba zai gaya mini inda jimla ta ƙare ba.

Aka yi tafi, har da masu fito. Abokaina na unguwa sun cika layi biyu. Na sauko ina jin kaina a sama.

A mota ƙanwata ta ce, "Yaya, na ɗauka maka, ka ji." Na sa a kunne. Wani mutum na ji yana faɗa da fiyano, yana haki, sautinsa a ƙasa da nata tun daga farko har kusan tsakiya, daga nan kuma ya haye samanta da kayan suka ɗumama. Duk inda aka rubuta a busa a hankali, da ƙarfi ya busa, saboda karan mai tauri ya ƙi magana sai an matsa masa.

Washegari na kai wa Baba. Ya saurara har ƙarshe bai katse ba, sannan ya ce, "Ɗana, yatsunka sun iso. Rera mini layin farko da baki." Na rera. Ya ce, "To ka ga inda ka numfasa yanzu? Me ya hana ka numfasa a nan jiya?" Ya miƙo mini fensir.

Wata uku bai bar ni na taɓa sashen gudu ba. Kullum sai jan sauti ɗaya, daga shiru zuwa ƙarfi a koma shiru, ba karkarwa. Mafi wuya su ne sautukan can ƙasa, domin saksofon ba ya son fitar da su a hankali, ko su ƙi fita ko su fashe. A nan ake gane mabushi, kuma a nan na gane ban kai inda nake zato ba.

Don haka, ƙannena, kafin ku ɗaga saksofon ku rera kiɗan da baki, ku sa alamar numfashi da fensir. Ku nemi sanin abin da mai fiyano ke kaɗawa, don sau da yawa maganar a hannunsa take, ku rakiya kuke yi. Ku ɗauki kanku a waya kowane mako, ku bari sai gobe ku saurara, lokacin da zuciya ta huce. Ku saurari Mule da Raschèr a intanet, ku ji yadda sautinsu ya sha bamban alhali abin busa ɗaya ne, amma kada ku kwafi na kowa kafin ku karanta takardar da kanku. In kun ji za a yi kiɗa a cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Onikan, ku je ku zauna can baya ku ji abin da ke isowa kujerar ƙarshe, ko da goge ake kaɗawa ko waƙa ake rerawa.

Faifan nan na ƙanwata har yau yana wayata. Duk ɗalibin da ya zo mini yana tambayar lambar kara mafi tauri, shi nake fara kunna masa, ba na faɗa masa ko wane ne sai ya gama dariya.