Rawaya da Fari a Bango Ɗaya

Yau da safe mai fenti ya shafa mini samfuri biyu a bangon ɗakin karatuna: rawaya mai ɗumi a gefe guda, da fari wanda bai karkata zuwa shuɗi ko ja ba a ɗaya gefen. Na roƙe shi ya bar tazara a tsakaninsu, domin idan launuka biyu suka haɗa iyaka, kowanne yakan sauya yadda ido ke ganin ɗan'uwansa.

Tun a shafin farko bambanci ya fito. Farin ya rufe tsohon launin bangon kusan gaba ɗaya, saboda sinadarin titaniyam da ke cikinsa yana da ƙarfin rufewa, ita kuwa rawayar sai da aka ƙara mata shafi kafin tabon da ke ƙarƙashinta ya ɓace. Mai fentin ya ce haka take, tana cin fenti.

Da hantsi rawayar ta burge ni ƙwarai, har na ji ɗakin ya yi fara'a. Amma da rana ta take, sai rawayar ta yi ƙarfi fiye da yadda na gan ta a ɗan katin samfuri, kuma da na kusantar da farar takarda gare ta, takardar ma ta ɗauki launin. Na tuna cewa wannan ɗan yanki ne kawai; idan bango huɗu suka zama haka, kowanne zai riƙa mayar wa sauran haske mai launi. Farin kuwa bai sauya sosai ba. Ana auna hasken da fenti ke mayarwa a kan ma'aunin 0 zuwa 100, kuma yawancin fararen fenti suna haura 80, shi ya sa gefensa ya fi haske.

Da dare na gwada ƙwayayen fitila iri biyu. A ƙarƙashin mai haske mai ɗumi, wato mai kelbin 2700 (kelbin ma'aunin launin hasken fitila ne), farin ya yi laushi, ya ba ni kusan duk ɗumin da nake nema a wurin rawayar, ita kuma ta yi nauyi. Da na sa mai 6500, wato mai haske mai sanyi, rawayar ta dushe, farin ya yi sanyin da ban so ba.

Na tsaya a kan farin da ƙwan fitila mai ɗumi. Sai dai na gaya wa mai fentin ya zo da irin wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, domin shatin yatsu kusa da makunnin wuta ba ya ɓuya a farin bango.