Tarihin Rayuwata da Ciwon Bayifola, Kashi na 9: Kunne da Murya

Makon jiya mun tsaya a kan barci. Yau sai murya, domin a gidajenmu na Aboabo da Asawase a Kumasi yawancin rigimar mai wannan ciwo da danginsa daga nan take tashi. Bayifola dai ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke juya mutum tsakanin lokacin hawa, wato zumuɗi da kuzari fiye da kima, da lokacin faɗuwa, wato matsanancin baƙin ciki.

Magana kaya biyu take ɗauka: kalmomin, da yadda aka furta su, wato tashi da saukar murya, saurinta, ƙarfinta. Mu Hausawa ma kunnenmu aiki biyu yake yi, don karin sauti ne ke raba kukan yaro da itacen kuka, a kansa kuma ake ɗora fushi ko tausayi. Binciken likitocin ƙwaƙwalwa ya nuna masu bayifola da dama kan yi kuskure wajen gane wannan kaya na biyu, har a lokacin da ciwon ya lafa. Kunnen lafiyarsa ƙalau, tangarɗar tana inda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ya kawo mata.

Ga yadda abin yake faruwa. Inna tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, rediyon maƙwabta na tashi, ta ɗaga murya ta ce, "Ka sha maganinka?" Tsoro ne a ranta. In ɗan yana lokacin faɗuwa, abin da zai ji shi ne an gaji da shi, ya shige ɗaki ya rufe. In kuwa lokacin hawa ne, sai ya ji raini: "Inna, ni kike wa tsawa?" Ita ta rantse ba ta yi ba, shi ya rantse ya ji, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Don haka kada a bar wa murya aikin ita kaɗai. A sa abin da ke rai cikin kalma, tun kafin tambayar: "Hankalina ne bai kwanta ba, ba fushi nake ba. Ka sha maganin?" A matso kusa, ya ga fuska, a rage rediyo. Batu ɗaya a lokaci ɗaya. In an ga ya ɗaure fuska, a ce, "Me ka ji na faɗa?" a saurara har ya kai aya. Maganar da ke da nauyi kada a aika ta saƙon murya na WhatsApp; babu fuska a ciki, kuma zai yi ta maimaita shi cikin dare yana neman habaicin da babu. Shi ma mai ciwon ya saba da tambaya kafin ya mayar da martani: "Yaya, fushi kake ko gajiya ce?"

Muryarsa shi ma tana ba da labari, sau da yawa kafin ya farga. Magana ta yi sauri, ta yi ƙarfi, ba ta katsuwa, ga barcin awa 3 ba gajiya: in haka ya kai kwana 4, hawa ya soma, kwana 7 kuwa ya yi tsanani. Murya ta mutu, amsa ba ta wuce kalma ɗaya har mako 2, faɗuwa ce. A ware littafi a riƙa rubuta kwanan wata, awannin barci da yanayin murya, a tafi da shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye. Likita ya fi amfana da wannan fiye da "ya dai canza".

Akwai wata murya da ba a jira da ita. Mai shan litiyom, ɗaya daga cikin magungunan bayifola, in harshensa ya yi nauyi kamar na mai maye, hannu na rawa sosai, ga amai ko zawo, alama ce maganin ya taru a jini. Ƙarancin ruwa a jiki ke jawo haka, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis ba tambaya. A ranar za a kai shi asibiti, kada a ƙara masa ƙwaya sai likita ya gani. Jinin gwajin litiyom na yau da kullum kuwa awa 12 bayan shan na ƙarshe ake ɗiba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun azumi da shan magani.