Karyar da na ɗauko daga keji a Khartoum

A ƙarshen 2021 ina aikin tuktuk na kaya a Khartoum, can ɓangaren Sharg an-Nil, kuma cikin masu ba ni aiki akwai wani mutum da nake kai ma kawunan kaji da ƙafafu da kayan ciki sau uku a sati daga wajen masu yanka. Wata biyu ina saukewa a bakin get in karɓi kuɗina in juya, haushi kawai nake ji da wari, ban taɓa leƙawa ba. Sai ranar da yaronshi bai zo aiki ba ya ce in taimaka in shigar mishi da buhunan ciki.

Wallahi har yau in na ji warin fitsari ya haɗu da zafin kwano gurin nan nake tunawa. Rumfar kwano ce doguwa, keji kan keji, ƙasan kowanne waya ce dan kashi ya dinga zubewa ba sai an share ba, toh na sama kan na ƙasa yake zubawa. Karnuka ne a ciki, matan da na ƙirga sun fi ashirin, yawanci irin na Jamus ɗin nan da 'yan Khartoum ke ce ma wulf, sai 'yan ƙanana masu farin gashi da gashin ya cure ya zama kaman tsumma. Abinda ya fi tsaya mun a rai ba masu haushin ba ne, waɗanda suka juya fuska jikin bango ne ko ɗagowa ba su yi ba.

Lissafin sana'ar ba wuya. Karya tana karɓan namiji kusan sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, shi kuma ba ya barin ko zagaye ɗaya ya wuce ba a haɗa ta ba. 'Yan kwikwiyon suna sati huɗu ko biyar zai cire su daga nono, a wanke su a ɗora kan kafet mai kyau a ɗau hoto a sa a Facebook, mai saye a mota ake kai mishi, uwar kam ba zai taɓa ganinta ba.

A ƙarshen layi akwai guda biyu da ya ware. Na tambaya, ya ce "ya zol, waɗannan sun gama aiki", ɗaya ta daina ɗaukan ciki, ɗayar kuma haihuwa biyu a jere 'ya'yan na mutuwa, jira yake ya samu mota a kai su daji a zubar. Na ce ya ba ni. Ya kalle ni ya ce in kwashe. Ko jine ɗaya, kuɗinmu na Sudan, ban ba shi ba, kuma da ya nemi kuɗi ban san ya zan yi ba, dan duk kuɗin da ka miƙa ma irin mutumin nan da sunan tausayi wata karyar zai siyo ya cike kejin da shi.

Mu 'yan Kassala ne, Baba yana da lambu a sawagi, wato yankin lambunan garin, ayaba da albasa da 'yan bishiyoyin mangwaro da lemo. Ɗan kawuna yana jan lori, ya kawo ayaba Khartoum zai koma wayam, shi na roƙa. Muka bi ta Madani da Gadarif, sama da kilomita 600, muka yi tafiyar dare saboda zafi, duk tsawon hanyar nan ko ƙugi ɗaya ba su yi ba, ruwan da na sa musu ma ba su taɓa ba.

Baba da ya ga abinda na sauke sai ya yi shiru, can ya ce "kai ɗan nan, mutane na zuwa birni su kawo sukari da atamfa, kai karnuka marasa lafiya ka kawo mun?" Inna kuma ta ce in dai ba za su shigo mata gida ba ita ba ruwanta. Bayan la'asar na je gun malamin unguwarmu na ce Allah gafarta malam ga abinda na yi. Ya ce mun ajiye kare dan gadin gona ko dabbobi ko farauta halal ne, hadisi ya ware su, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya a wanke sau bakwai. Ya tuna mun mutumin da Allah ya gafarta ma saboda ya shayar da kare ruwa da huffinshi, da matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha. Sannan ya ce "amma ka sani ka ɗau amana, in ka gaji ka yar da su kai da wancan mutumin ba ku da maraba." Wannan maganar ita ta riƙe ni a ranakun da na so in haƙura.

Kuskurena na farko shi ya fi ciwo. Ni a tunanina dabbar da ta yi shekaru a kulle ba abinda take so irin fili, dan haka kwana biyu da zuwanmu na buɗe musu ƙofar rakubar, wato rumfar da na sa su, na ce su sha iska. Babbar ba ta motsa ba. Ƙaramar ta fito a ɗarare, daidai lokacin aka tada babur ɗin ban ruwa a lambun maƙota, tana jin ƙarar ta zabura ta bi ta ƙarƙashin shinge ta faɗa cikin surƙuƙin ƙayar miskit na bakin kogin Gash. Kwana tara muna nema ni da yara, har gindin dutsen Totil mun je. Ba suna da za a kira ta da shi ta amsa, ba ta san gida ba balle ta dawo, kuma duk wanda ta hango gudu za ta ƙara. Ba mu same ta ba. Kare irin wannan sai a guri ƙarami mai shinge da ba ya haƙuwa, wata da watanni, in za a fita da shi kuma igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ƙirji, dan tsoro na sa su zare kai daga ƙulla cikin ƙiftawar ido. Ban sani ba a lokacin, ita ta biya kuɗin rashin sanina.

Kuskure na biyu kuma wanka. Jikin babbar duk kaska, kunnuwanta cike, kazuwa ta cinye gashin gwiwoyinta, na ga ba zan iya kallo ba na kama ta da ƙarfi zan wanke. Ba ta yi gurnani ba, ba gargaɗi, jikinta ya sandare kawai sai ji na yi haƙori a tsintsiyar hannuna. Na wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 yadda ake cewa, na tafi asibiti aka fara mun allurar haukan kare, ita kuma aka ce a sa mata ido kwana 10. Lafiyarta lau ta wannan ɓangaren, amma duk wanda kare ya ciza a ƙasar nan kar ya tsaya jiran gani, in ciwon ya bayyana ba magani. Kuma laifin ba nata ba ne, hannu a saninta abu ne da ke finciko ta a kai ta gun namiji ko ya kwashe mata 'ya'ya.

Daktan dabbobi da na kira har lambu shi ya gyara mun tunani. Ya ba ta maganin barci sannan ya duba ta a natse, ya yanke faratan da suka lanƙwashe har ɗaya ya shige cikin naman ƙafa, ya nuna mun yatsunta yadda suka baje saboda tsayuwa kan waya, haƙoran gaba sun cinye saura guntaye dan tauna ƙarfe. Dasashinta fari fat, ya ce ciwon kaska ne, ya rubuta doxycycline na kwana 28, da maganin tsutsa da na kazuwa, rigakafi kuma sai ta ɗan farfaɗo. Da zai tafi ya ce mun "jikin nan wata biyu ya warke, kan ne zai ɗau lokaci, ka daina taɓa ta."

Toh na daina. Kullum bayan asuba da bayan la'asar sai in ɗau jabanata, butar gahawa, in shiga rakubar in zauna a ƙasa, ba na fuskantarta, gefe nake ba ta, ba na kallon idonta, in sha gahawa in yi lazimina in tashi. Abincin sai na fita take ci, a tsaye, da sauri, ido na kan ƙofa. Wani abu da na lura da shi ya sa ni kuka ni kaɗai, rakubar tana da faɗi amma zagaye take yi a guri ɗaya, taku uku ta juya taku uku ta juya, har ƙafarta ta zana da'ira a ƙasa, da na auna da ido daidai girman kejin da na ɗauko ta ne. Bakin ƙofa kuma kaman an ja mata layin wuta. Yara suka sa mata suna Shiru dan ba wanda ya taɓa jin muryarta.

A sati na shida na fara jefa mata guntun hanta dafaffe, nesa da ni, gobe in rage tazarar da tafin hannu ɗaya, in ta ƙi zuwa in koma inda muka tsaya jiya. Ran da ta ɗauka daga hannuna ba ta ma tsaya ba, ta fizga ta koma lungu, amma na ji ɗumin numfashinta a yatsuna, ranar ban iya komai ba a lambu sai murmushi.

Gaskiya rabin aikin ba ni na yi ba, Duna ne, tsohon karen lambun Baba, ɗan gida baƙi mai sanyin hali. Bayan ta gama magani an mata rigakafi na fara barinshi ya shiga. Abinda na yi wata uku ina lallashi shi cikin sati biyu ya koya mata, ta ga ya sha ruwa a gabana ta sha, ta ga ya tsallake bakin ƙofa ta tsaya tana rawar jiki sannan ta bi shi, ta ga inda yake zuwa ya yi kashi ta daina yi inda take kwana. Ranar farko da ta taka jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bakin kwatar ruwa ɗaga ƙafa ta dinga yi ɗaya bayan ɗaya kaman mai taka garwashi. Kwikwiyo daga sati 3 zuwa wajen 12 yake koyon duniya, mutane, ƙara, ƙasa, ita wannan lokacin a keji ya wuce mata, shi ya sa ba a maida shi gaba ɗaya, sai dai a rage.

Wata na bakwai ta kusa tafiya. Ta daina ci, sai shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga wani ruwa mai wari na fita ta bayanta. Mugunya ce ta taru a mahaifa, abinda ke yawan kama karnuka matan da suka manyanta ba a cire musu mahaifa ba, aka yi aiki aka cire mahaifar, na sai da wayata na cika kuɗin. Da na san haka da tun tana samun ƙarfi na sa an cire. Sai kuma albasa, mu da muke noma ta ko'ina tana zube, tana lalata musu jini ɗanya ko dafaffa, dan haka ragowar miya da ake juye ma karnuka na hana, asida da nama ba yaji nake dafa mata daban, ƙashin kaza dafaffe ma ban ba ta.

'Yar yayata da ke jami'a ce ta karanto mun cewa matsalar nan har Turai da Amurka, a Ingila tun Afrilun 2020 doka ta hana dillali sai da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai ka je gun mai kiwon da kanka ko gidan ceton dabbobi, kuma sunan wata karya Lucy da aka ceto daga irin wannan gurin aka sa ma dokar. Mu nan dokar a hannun mai saye take. In za ka ɗau kare dan gona ka ce sai ka ga uwar da inda take kwana, kar ka karɓi wanda bai kai sati 8 ba, in an ce a haɗu a bakin titi ka san akwai abinda ake ɓoyewa. Ni a ganina ma irin Duna sun fi mana, sun san zafin Kassala, kyauta ake ba da su.

Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 dangi suka cika mana gida daga Khartoum, har lambu aka kafa rumfuna, yara da hayaniya da baƙin fuskoki, Shiru ta koma zagayenta na taku uku kaman ba a taɓa yin komai ba. Na maida ta can ƙarshen lambu bayan ayaba ita da Duna, na ɗau jabana na koma zaman gefe daga farko, wannan karon sati uku ya ɗauka. A zaman nan na yi ta tunanin sauran ashirin ɗin da na bari ƙarƙashin kwano, a garin da mutane suka fita da kayan jikinsu kawai.

Har yanzu ba ta yarda baƙo ya taɓa ta, in aka buga ƙarfe da ƙarfe sai ta shige ƙarƙashin angareb, gadonmu na igiya, gadi kuma Duna ke yi ita rakiya ce. Amma tana kaɗa wutsiya in ta ji tafiyata, kuma da rana in zafi ya yi zafi tana kwanciya cikin kwatar ruwa ta miƙe ƙafafu huɗu ta yi barci har da minshari. Kwanonta na ruwa yanzu Baba ke cikawa in ya dawo masallaci da asuba, rannan na makara na ji yana ma yara faɗa wai wa ya matsar mata da shi cikin rana.