Katangar da muka yi wa aiki sau biyu

Harin da aka kai Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, wanda ya ci rayukan mutane fiye da 180, bai tsallake unguwarmu ba, saboda haka da shekara goma ta kusa cika sai muka kafa kwamiti domin a yi abin tunawa da waɗanda muka rasa, aka kuma ɗora mini nauyin nemo mai aiki. Tara kuɗi da samun izinin katangar bakin titi ba su ba mu wahala ba.

Tun a zaman farko liman ya ce babu zancen mutum-mutumi, muka amince, muka tsaya a kan zanen fenti. Na samo wani matashi da ya karanci zane a jami'a, na karɓo hotunan mamatan daga hannun magidanta, na ba shi kafin alƙalami da ya kai rabin abin da muka tara. A nan na tafka kuskuren da har yau yake ci mini rai, domin na zauna da liman, na zauna da mai unguwa, na zauna da maza a zaure, amma ban sa an yi mini iso wurin uwa ko ɗaya ba.

Matashin gwani ne, kuma gwanintar tasa ce ta ƙara wa abin zafi, don fuskokin sun fito kamar za su yi magana. Kwana uku da gamawa aka wayi gari an shafe fuska ɗaya da farar ƙasa. Muna cikin zargin yaran unguwa sai wata dattijuwa ta aika aka kira ni, ta ce: "Ɗana, ni na shafe. Shekara goma ina roƙon Allah haƙuri, ku kuma kun tsayar mini da shi a kan hanyar da nake bi kullum yana kallona. Wa ya tambaye ni?" Ban sami abin cewa ba.

Dole muka goge duka. A karo na biyu wani tsohon magini muka ɗauko, ya yi zayyanar siminti irin ta tsofaffin gidajen Zariya da Damagaram, da dagi a tsakiya, sunaye kuma da ajami da boko. Kafin a rubuta kowane suna, sai da matan kwamitin, waɗanda sai a lokacin muka shigar da su, suka shiga gida gida suka nemi yardar uwa ko matar mamacin. Gida biyu sun ƙi, muka bar gurbinsu fili.

A wannan zagayen ne na gane cewa abin da iyayen mata suka fi so tun farko shi ne rijiyar burtsatse, sadaka mai gudana ga 'ya'yansu. Kuɗinta kuwa su ne na riga na zuba a fentin da muka goge, har sai da muka sake shekara guda muna bin mutane da kokon bara kafin ruwa ya fito a gindin katangar.