Taurarin Hajiya da yatsana na hagu

Satin da ya wuce na kwashe 'yan kayan aikina daga shagon ogana kafinta, bayan shekara biyu da wata bakwai. Ba faɗa muka yi ba, har gida naje na gaishe shi nace masa ina so in gwada tsayawa da ƙafata, yace Allah ya taimaka nace amin. Amma duk wanda muka zauna tare a layin nan ya san tun azumin 2024 zuciyata ta bar shagon, gangar jiki ce kawai take zuwa da safe tana tashi da yamma. Maganar taurarin nan ce, kuma tunda yanzu na fita zan iya faɗarta yadda ta faru, saboda har yau akwai masu cewa wai ni na ɓata aikin.

Ana saura kamar sati biyu sallah wata Hajiya mai yin kwalliyar wajen taro ta kawo aiki, taurarin katako guda 12 take so masu tsini biyar, irin wanda tsakiyarsu fayau take, za'a zagaye su da ƙananan fitilu a rataye su tare da jinjirin wata. Hoto ta nuna a waya. Oga bai taɓa yin irinsu ba, ni ma haka, amma ko kallon hoton bai gama ba yace ai wannan ƙaramin aiki ne Hajiya, ya karɓi kafin alƙalami. Washegari ni ya aika 'yan katako ta Na'ibawa na siyo farin katako, aka tsaga mana shi faɗin inci ɗaya da rabi aka goge.

Lokacin bai fi wata uku da siyo injin nan mai yanka kwana a jikin katako ba, wanda ake cewa mita so, ɗan kwatano ne kuma ba murfi a kan faifan zarton, haka ya zo, haka aka barshi. Oga ya ɗora wani abu a kan hoton ya auna tsinin tauraron yace digiri 36 ne. Yace min kai saita injin a 36 ka yanka min kowane guntu ƙafa ɗaya, baki biyun duka, kamar dai yadda muke yin firam ɗin madubi. Tauraro ɗaya guntu 10 yake ci, kaga guntu 120 kenan. Nace Oga ko in fara haɗa guda ɗaya mu gani tukunna? Yace wuta ce zata jira ka? Ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Kuma gaskiya ne wutar bata jira, ranar an kawo ta tun safe, ni kuma da azumi a bakina na tsaya a kan injin nan har bayan la'asar ina yanka, garin katako har cikin kunnena, ina ta murna aiki yana sauri.

Da na share benci na jera guda biyar don in ga yadda zasu zauna sai suka haɗu tsaf, ba ko ƙofar da allura zata shiga, amma abinda ya fito ba tauraro bane. Wani firam ne mai gefe biyar kamar bakin rijiya. Na juya su, na birkita, na sake jerawa, tsini ya ƙi fitowa. Wallahi a wajen naji ƙishirwar ranar gaba ɗaya ta taso min lokaci guda.

Abinda yafi ƙona min rai ba ɓacin katakon bane. Hajiya ta leƙo washegari ta ga inda aka kwana, a gabanta, da yaran shagon maƙota duk suna tsaye, oga ya ɗaga guntu ɗaya yace kin ga abinda yaron nan ya min, nace ya jira ni yaje yayi gaban kansa. Ban ce komai ba. Mu an koya mana ba'a musu da babba a gaban baƙo, kuma har yau bana nadamar shirun da nayi a lokacin. Abinda nake jira shine in ta tafi ya kira ni gefe ko da kalma ɗaya ce yace nasan ni na baka lambar. Bai yi ba. Sai ma cewa yayi za'a cire kuɗin katakon a ɗan abinda yake bani, sati uku ban karɓi ko sisi ba ga sallah ta gabato, ɗinkin da na kai ma sai bayan sallah na karɓo.

Aka siyo sabon katako. Yanzu oga ya gane tsinin yana son yanka mai kwanciya sosai, amma injin iyakarsa 45 da ɗan ɗori, ya murɗa shi har ƙarshe abin bai kai ba. Sai yace to ka karkato katakon da hannu, ka ɗan janye shi daga jikin ƙarfen da yake jingina, ka bi layin fensir. Nasan a raina abin bai yi ba, amma bayan abinda ya faru jiya wa zai buɗe baki. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce. A na uku haƙoran faifan suka cafki katakon suka fizge shi ya juya, hannuna na hagu ya bi shi. Ƙarar kawai naji kamar an harba wani abu, guntun ya daki kwanon rufi, sai da na ga jini a kan bencin sannan naji zafin. Babban yatsana ne, Allah ya taƙaita gefen tsokar ya ɗauka bai kai ƙashi ba. Ɗinki huɗu da allurar tetanus. Wani dattijon kafinta da ke shagon kusa da mu shi ya ɗaure min hannun da rawaninsa ya sa aka kai ni asibiti, Allah ya saka masa da alheri, shi ya biya kuɗin ma. Oga da ya zo abinda ya fara cewa shine ganganci ne irin na yaran yanzu.

Duk mai aiki da injin nan ya riƙe wannan: faifan yana juyawa ne yana tura katako ƙasa da kuma baya wajen ƙarfen jinginar, shi yasa in katako ya kwanta sosai a jikin ƙarfen ba inda zai je. Da zarar ka bar fili a bayansa to ka bashi hanyar gudu, kuma gudun da zai yi wajen faifan zai yi, da hannunka a kai. Faifan da yake juyawa sau dubbai a minti ɗaya ba ƙarfin yatsa ne zai riƙe masa katako ba. Ko waye yace ka yanka a haka kar ka yanka, ko ubangidanka ne, in ya so yayi fushi.

Kwana huɗu nayi a gida. Umma tace in haƙura da kafintan gaba ɗaya, nace mata a'a. Hannu a naɗe, bacci baya zuwa, sai na karɓi akwatin lissafin ƙanwata na makaranta, na ciro abin auna kwana ɗin nan mai kamar rabin wata, na zana tauraro babba a bayan tsohuwar kalanda. A nan na ga abinda ya faru, kuma abin ba wani wahala gare shi ba.

Tsinin tauraro mai biyar 36 ne, oga bai yi kuskure a nan ba. Amma katako biyu ne suke haɗuwa su bada tsinin, kenan kowanne 18 zai ɗauka. Sannan ga inda kowa yake faɗawa, lambar da ke jikin injin ba kwanar da zaka gani a jikin katako take nunawa ba. In injin yana kan 0 ai yankan sukwaya yake yi, wato 90. Lambar tana gaya maka nawa ka kauce daga sukwaya ne. Don haka in kana son 18 a jikin katako sai ka cire 18 daga 90, injin ya tsaya a 72, wanda namu ba zai taɓa kaiwa ba. Mu 45 ce ta ruɗe mu duk tsawon shekarun nan, saboda ita kaɗai ce ko ta ina ka lissafa 45 ɗin ce, sai muka ɗauka haka sauran ma suke.

Lungun da ke tsakanin tsini da tsini kuma 108 ne, rabinsa 54, in ka cire daga 90 saura 36. Kaga 36 ɗin oga tana da wajenta, amma a baki ɗaya kawai, bakin lungu. In ka yi ta a baki biyu irin na firam, mai gefe biyar zaka samu, shine abinda ya fito min. Kuma yankan biyu ba kallon juna suke ba kamar na firam ɗin madubi, gefe ɗaya suke kwantawa, domin a tsini bakin waje ne dogo, a lungu kuma bakin ciki ne dogo.

Saura yadda za'a samu 72 a injin da ya tsaya a 45. Da na koma shago, da hannu ɗaya da taimakon ƙaramin yaron shagon, na samu falle na filawud mai kauri na matse shi a jikin ƙarfen jinginar, na ɗaure wani miƙaƙƙen katako a kansa da sukurori, yana fuskanto ni, na auna da sukwaya sau uku ya zauna a 90 cif. Yanzu katakon da za'a yanka a jikin wannan zai kwanta, bakinsa yana kallon injin, sai ka saita injin a 18 kawai. Shikenan 72 ta fito. Sai dai yankan dogo ne, a katako mai faɗin inci ɗaya da rabi yana cin sama da inci huɗu da rabi, saboda haka dole a matse katakon da abin matsewa, hannu baya zuwa wajen ko kusa. Kuma tsinin ake fara yankawa tun katakon yana da tsawonsa, daga baya a yanke bakin 36 ɗin a kan tsawon da ake so, da ɗan guntun katako a matse a gefe yana tare shi don duk su zo daidai.

Na yanka guda 10 a ragowar katako na jera a benci. Ba zan manta ba, ana kiran azahar, na tura na ƙarshen ya shiga wajensa, tauraro ya fito da tsininsa biyar kamar an zana. Yaron nan har tsalle yayi. Dattijon maƙocinmu ya leƙo ya daɗe yana kallo yace kai ɗan nan Allah ya maka albarka. Oga ya zo ya duba gaba ya duba baya yace to ai dama abinda nake nufi kenan, ku yi sauri. Da Hajiya ta zo ɗauka ana jajibirin sallah ina jinsa yana mata bayanin yadda ya zauna ya ƙirƙiro dabarar.

Guntaye 120 ɗin da aka ce na ɓata kuma ba su ɓaci ba. Bakinsu ɗaya daidai yake, ɗayan kawai aka sake yankawa, tsawon ya ragu da inci biyu da 'yan kai, suka bada taurari 12 ƙanana. Ni na haɗa su da hannuna bayan sallah, oga ya siyar da su ɗaya bayan ɗaya a gabana. Kuɗin sati ukun nan bai dawo ba, ban kuma tambaya ba. Na yafe kuɗin, amma maganar da yayi a gaban Hajiya ina ƙoƙari ne har yanzu.

Sauran abubuwan da taurarin suka koya min ƙanana ne. In katakon yana da fuska mai kyau da mara kyau, biyar dama biyar hagu ake yankawa, in ba haka ba rabi zasu juya maka baya. Tauraro ɗaya yanka 20 ne, kuskuren rabin digiri in ya taru a haɗin ƙarshe zai buɗe maka baki, kar ka yarda da lambar tsohon inji sai ka gwada. Bakin katako yana shan gam, a shafa Top Bond kaɗan a barshi ya sha sannan a ƙara, a haɗa bibbiyu su zama tsini biyar tukunna kafin a haɗa su gaba ɗaya. Ƙusa a tsinin nan fasa shi take yi. Ɗanyen katako in ya sha iskar Kano sai haɗin ya buɗe. A bar faifai ya tsaya cak kafin a ɗaga shi.

Ku da kuka rage a shagon, musamman ƙaramin, filawud ɗin nan na barshi a ƙarƙashin benci ta wajen bango, ban ɗauka ba duk da nawa ne, na rubuta 18 a jikinsa da jan fenti. Har ranar da na fito ba'a sa wa faifan murfi ba, na faɗa yafi sau biyar. Dan Allah ku ci gaba da faɗa wa oga, in ya ƙi ku haɗa shi da Baba na shagon kusa, shi yana jin nauyinsa.