Motar kwali da ƙurar Damagaram

Duk wanda ya ga ƙananan motocin nan da na jera a kanta tambayar farko ita ce nawa na saya, in na ce ai ba a haɗe ake sayar da su ba, a wargaje suke zuwa cikin kwali ni ne na haɗa na yi fenti, sai ka ga mutum ya sake matsowa yana leƙa cikin gilas ko da gaske akwai sitiyari da giya. Akwai, har da burkin hannu.

Bari in yi bayani ga wanda bai taɓa gani ba. In ka buɗe kwalin za ka tarar da ɓangarorin mota na roba duk a manne jikin wani firam, gangar jikin daban, inji gutsi-gutsi, kujeru, shasi, tayoyi na roba mai laushi, gilasai a cikin ledarsu, ga takarda mai zane da ke nuna maka wanne ke bin wanne, ga kuma sitikoki da sai an jiƙa su cikin ruwa kafin su saki takardarsu. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1/24, ma'ana an rage motar gaske sau 24. Peugeot 504 da tsawonta ya kusa mita 4 da rabi, in aka rage ta haka ba za ta kai santimita 19 ba, mutum kuma mai tsayin mita 1.70 zai dawo santimita 7. Wannan lissafin ka riƙe shi da kyau don kusan komai na aikin a kansa yake tafiya. Akwai 1/43 ƙanana, akwai 1/35 da aka fi yi wa motocin soja, amma ni 1/24 ta fi min, ido na gani hannu na kamawa.

Kamfanonin da suka yi suna su ne Tamiya da Hasegawa da Aoshima na Japan, Heller na Faransa, Italeri na Italiya, da Revell. A nan Damagaram dai kada ka wahalar da kanka kana zagaya kasuwar Dole, motar wasan yara mai batir za a miƙo maka. Saƙo ake yi, ko ta intanet a aiko Yamai wani ya sako maka a bas, ko ɗan uwa da ke waje ya saka a jakarsa in zai dawo. Kuma ka roƙe shi kar ya ɗora komai a kai, in rufin motar ya lanƙwashe ko gilashin gaba ya tsage an shiga uku.

To ga inda na bambanta da yawancin masu yin abin nan da nake kallo a YouTube. Su burinsu motar ta fito fes tana ƙyalli kamar ango ranar ɗaurin aure, su goge su goge har kana ganin fuskarka a bonet. Aiki ne ba ƙarami ba, na yarda, amma wallahi ni ba ya motsa ni. Wace mota ce a garin nan take haka? Ko sabuwa ce dal in ta yi tafiya ɗaya zuwa Tanut ta dawo ta zama 'yar gida. Ku duba ma Peugeot 405 T16 da Tamiya suka fitar, wadda Ari Vatanen ɗan Finland ya ci tseren Paris-Dakar da ita a 1990, a shekarun da tseren ke ratsa ƙasarmu Nijar, ta hamadar Tenere da Agadez. Motar da ta sha yashinmu ta ƙoshi, amma kusan duk wanda ya haɗa ta sai ya bar ta tsaf ba ko ɗigo. Ni abin da nake so in mutum ya kalli motata ya ce kai, wannan ai na santa, ita ce ke tsayawa a tasha ranar kasuwa.

Shi ya sa Land Cruiser ta fi kwanta min, Italeri suna da tsohuwar BJ44 a 1/24, Tamiya kuma suna da Land Cruiser 80. Abu ɗaya da za ka duba kafin ka biya kuɗi shi ne gefen sitiyari, don a Japan a dama yake, wasu kwalayen suna ba ka zaɓi biyu wasu kuma a'a, mu kuwa namu a hagu ne.

Daga nan aikin ya bar hannun kamfani ya dawo hannunka, kuma duk wanda ya taɓa yin motar waya ko ta gwangwani yana yaro, da tayar tsohon silifa da murfin kwalba, ya riga ya iya rabin abin. Kariyar saman mota da wayar jan ƙarfe nake yi, ta cikin tsohuwar wayar wuta, a miƙar da ita a yanka a haɗa da dalma, in ba ka da abin narkawa ka je wajen masu gyaran rediyo su taɓa maka. Tamfol kuwa takardar hankici ce mai laushi, a jiƙa ta da gam ɗin kafinta da aka sirka da ruwa a lulluɓa kan kaya, in ta bushe tana riƙe duk wata lanƙwasa, sai a bi ta da fenti shuɗi ko kore. Buhunan hatsi da ƙyalle mai siririn saƙa ake ɗinkawa. Bido na ruwa da na mai da ake ratayawa a gefe kuma, santimita 2 ya ishe su tsayi, ana sassaƙa su da guntun firam ɗin da ya rage ko da itace mai laushi. Igiya ce wurin da mutane ke ɓata aiki, su ɗauko zare mai kauri su ɗaure kaya, alhali zare mai kaurin milimita 1 a nan daidai yake da igiya mai kusan santimita 2 da rabi a motar gaske, wa ke ɗaure buhu da wannan? Zaren tela na ɗinki ya isa, ka ɗan shafe shi da kakin kyandir don gashin jikinsa ya kwanta.

Sai rubutun baya, wanda in babu shi motar ba ta cika ba. "Allah ya kiyaye" ko "Rabo na Allah", da tsinken sakace nake rubutawa a tsoma a fenti, harafi bai wuce milimita 4 ba, kuma in ya ɗan karkace ma ya fi, masu rubuta na gaske ma ai ba da inji suke yi ba. Lambar mota mai RN irin ta Nijar kuma a kwamfuta ake bugawa a rage ta a yanka da reza.

Maganar gam a taƙaice. Na haɗa robar motar narkar da fuskar roba yake yi su haɗe su zama ɗaya, saboda haka kaɗan ake sawa kuma sai an kankare fenti a wurin. Sufa gulu na waya ne da ƙarfe, kada ya kusanci gilas, tururinsa na sa gilas ya yi fari. Gilas sai farin gam na kafinta, yana bushewa garau.

Fenti shi ne jarabawar garin nan. Gwangwanin fenti na fesawa ba a yarda a sako shi a kayan jirgi, don haka da na butik ɗin nan muke aiki, kuma wasu suna da ƙarfi har su ci roba ta yamutse. Kullum ka fara gwadawa a guntun firam ko cokalin roba. Ka wanke gangar motar da sabulu ta bushe, ka bi ta da samfefa mai laushi sosai irin lamba 1000 zuwa sama, ka sa fentin ƙasa tukuna, sannan ka fesa sama-sama daga nesa kamar taƙi ɗaya, ka jira, ka sake. Lokacin bazara kuwa, Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40, fentin tun yana iska yake bushewa kafin ya sauka, sai jikin motar ya fito da kaushi, don haka bayan sallar asuba ne lokacin, kafin rana ta ɗaga. Da hunturu kuma ƙura ce, ko ka rufe ƙofa da taga tana nan. Abin da nake yi shi ne in yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, in fesa a waje ko bakin taga saboda wari, in yi maza in kife motar da babban baho mai tsabta, ba na ɗagawa sai gobe. Safiyar da aka kwana ana ruwan sama da damina ta fi kowane lokaci rashin ƙura, iska a wanke take.

In fenti ya bushe sosai sai a zo ga tsufar da motar, nan ne daɗin yake. Yashin ƙofar gida ba ya yi ko an tankaɗe shi da rariya, ƙwayarsa ɗaya a 1/24 tsakuwa ce. Wadda ke yi ita ce ƙurar hunturun nan da ke taruwa a bakin taga, wadda iska ke kwasowa daga wajen Bodele a Cadi, laushinta ya yi daidai, ni har tara ta nake a kwalbar magani. Ana ɗiba da busasshen buroshi a shafa, wurin da ake so ta yi kauri kuma a sa ruwan gam kaɗan. Amma fa ba ko'ina ake zubawa ba, ka je tasha ka tsaya ka kalli mota da kyau. Ƙura ta fi taruwa a ƙofar baya da bayan tayoyi da ƙasan ƙofofi, saman bonet kuma rana ce ke cinye launinsa ya koɗe. Gilashin gaba yana da wurin da waifa ta share, sai ka yanka salatif a siffar nan ka manna kafin ka sa ƙura, ka cire daga baya. Wajen hannun ƙofa da inda direba ke ɗora gwiwar hannu a goge suke. Ƙujewa da tsatsa kuma da guntun soso ake yi a tsoma a fenti ruwan ƙasa mai duhu a ɗan taɓa gefuna, fensir ɗin 'yan lakwal in ka goga a bakin bamba yana ba da ƙyallin ƙarfen da ya sha hannu. Wani lokaci ina yi wa ƙofa ɗaya launi daban, irin wadda aka ciro daga wata motar a garaji, wani makaniken unguwarmu da ya gani dariya ya yi ya ce Malam ai saura ka fasa mata fitila ɗaya, kuma na fasa.

Ajiya kuma a nemi akwatin roba mai haske da murfi, nesa da taga da rufin kwano, kar kuma a bar ta cikin mota a rana, robar nan ba ta jure irin wannan zafin, lanƙwashewa take yi ba ta dawowa. In akwai ƙananan yara a gidan to saman kabad, don su a wajensu duk abin da ke da taya sai an tura shi.